Allurar Gwiwa: Tarihin Maganin da Ke Kashe Zafi da Abin da Yake Yi wa Guringuntsi

Bahaushe ya ajiye ƙwazonsa a gwiwa. In mutum ya samu goyon baya sai a ce an ƙarfafa masa gwiwa, in ya karaya a ce gwiwarsa ta yi sanyi. A ƙasar Damargu, daga Gangara zuwa Tanut da Balbeji, abin ya wuce salon magana. Da gwiwa ake bin gona, da ita ake kora dabbobi zuwa rijiya, da ita mace ke tsugunawa gaban murhu, da ita tsoho ke sujada. Ranar da ta ƙi, duk gidan sai ya ji a jikinsa. Shi ya sa in aka ce wa mutum akwai allurar da za a yi wa tsohuwarsa a cikin gwiwa ta miƙe, ba ya tsayawa dogon tunani, sai dai ya tambayi kuɗin.

Allurar tana nan, kuma tana aiki. Amma tarihinta na fiye da shekara 70 ya nuna inda aikin nata ya tsaya. Tana kwantar da zafi na 'yan makonni, ba ta mayar da guringuntsin da ya zaizaye, kuma akwai shaidar cewa in ana maimaita ta a kai a kai tana ƙara cin sa. Yadda likitoci suka kai ga gane haka labari ne da ya kamata iyaye da malaman makaranta su sani, domin su ne ake tambaya shawara a gari.

Abin da ke cikin gwiwa

Duk wanda ya ga mahauci ya raba gaɓar rago ya san guringuntsi: farin abin nan mai santsi da ya lulluɓe kan ƙashi. A gwiwar babban mutum kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, amma shi ke hana ƙashin cinya gogar ƙashin ƙwauri. Babu jijiyar jini a cikinsa. Yana cin abincinsa ne daga ruwan gaɓa, kamar soso: in aka taka ya matse, in aka ɗaga ƙafa ya tsotsa. Saboda rashin jini ne ba ya warkewa yadda fata ko ƙashi ke warkewa. Tun 1743 wani likitan fiɗa a Landan, William Hunter, ya rubuta cewa guringuntsi in ya lalace ba ya komawa yadda yake, kuma har yau ba a samu allurar da ta ƙaryata shi ba.

Guringuntsi kuma ba shi da jijiyar jin zafi. Zafin da mai ciwon gwiwa ke ji yana fitowa ne daga tantanin da ya kewaye gaɓar in ya kumbura, da ƙashin da ke ƙarƙashi, da jijiyoyin gefe. Ke nan ana iya kashe zafin ƙurmus alhali guringuntsin yana ci gaba da zaizayewa ba tare da mai shi ya sani ba. Duk rikicin da za mu gani a wannan tarihi daga nan ya samo tushe.

Abin da muke kira amosanin gaɓɓai ko sanyin ƙashi ba ciwo ɗaya ba ne. Akwai na zaizayewa, wanda shekaru da nauyi da tsohon rauni ke kawowa, shi ne likitocin Nijar ke rubutawa arthrose a takarda. Akwai kuma na kumburi, wanda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi gaɓɓan mai ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da na zaizayewa, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma kashi 60 cikin 100 mata ne. A Nijar tsawon ran da ake sa wa jariri bai kai shekara 40 ba a 1960, yau ya haura 60. Tsofaffi sun ƙaru a gidajenmu, ciwon gwiwa ya ƙaru tare da su.

Damargu kafin zuwan allura

A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Damargu tare da ayarin gishiri na Buzayen Kel Ewey, ya kuma bayyana ƙasar a matsayin rumbun da ke ciyar da Azbin da gero. Arzikin ƙasar a ƙafa yake tafiya: manomi ya noma, fatake su ɗauka zuwa Agadas, wasu su gangara Damagaram da Kano. Mutanen wancan zamani sun san ciwon gwiwa, suna kuma da masu yi musu aiki a kansa. Wanzami ya yi tsaga ya kafa ƙaho, maɗori ya duba targaɗe, a gasa wurin da ruwan zafi, a shafa man shanu, in kumburi ya taru a yi sakiya. Galibin waɗannan a bayan fata suke tsayawa. Suna iya rage raɗaɗi, wani lokaci su jawo gyambo, amma ba wanda ya zuba wani sinadari a tsakanin ƙashi da ƙashi. Allurar kotizon sabon abu ce, kuma daga Amurka ta faro.

Matar da ta tashi daga gado a 1948

A asibitin Mayo da ke jihar Minnesota, wani likitan gaɓɓai mai suna Philip Hench ya daɗe da lura cewa masu amosanin kumburi kan samu sauƙi in sun yi shawara ko in mace ta ɗauki ciki. Ya yi zargin jiki da kansa yana sarrafa wani abu mai kashe kumburi. Abokin aikinsa Edward Kendall ya riga ya tace wasu sinadarai daga wata 'yar halitta da ke zaune a kan ƙoda. Ranar 21 ga Satumba 1948 aka fara yi wa wata mata 'yar shekara 29, wadda ciwon ya kwantar, allurar ɗaya daga cikinsu. Cikin kwana uku ta samu sauƙi, bayan mako guda ta fita kasuwa da ƙafarta. Sinadarin shi ne aka raɗa wa suna kotizon. An sanar da duniya a watan Afrilun 1949, a 1950 kuma aka ba Hench da Kendall da Tadeus Reichstein na Suwizalan kyautar Nobel.

Ƙarshen labarin matar ba a cika faɗarsa ba. Da aka ci gaba da ba ta maganin fuskarta ta kumbura, hankalinta ya rikice, da aka tsayar kuma ciwon ya dawo. Hench da kansa bai taɓa cewa ya samo waraka ba. Jaridu ne suka faɗa, jama'a suka ɗauka.

A farko daga matsarmamar shanu ake haɗa kotizon, da wahala da tsada, don haka aka bazama neman tsiron da zai maye gurbinta. Neman ya biyo ta Afirka ta Yamma. A 1949 gwamnatin Amurka ta turo masana tsirrai, mutanen Reichstein ma suka zo, duk suna farautar 'ya'yan wata itaciya mai yaɗo da masana ke kira Strophanthus. Ita ce kwankwani, wadda maharban ƙasar Hausa suka daɗe suna haɗa dafin kibiya da ita. Abin bai biya bukata ba, domin sinadarin da ake nema ba ya samuwa daidai a kowace itaciya. Wata doyar daji ta ƙasar Meziko ce ta ci kasuwar, sannan a 1952 kamfanin Upjohn ya gano hanyar amfani da wata fumfuna wajen gajarta aikin, farashi ya faɗi, magani ya wadata.

Allura ta shiga cikin gaɓa

Tunda shan maganin ko yin allurarsa a tsoka yana taɓa jiki duka, sai Joseph Hollander na Jami'ar Pennsylvania ya yi tunanin kai shi inda ciwon yake. A 1951 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa in aka zuba ɗan'uwan kotizon, wato haidrokotizon, a cikin gaɓar da ta kumbura, zafi da kumburi na sauka cikin kwana ɗaya ko biyu. Shekara goma bayan haka sun ba da rahoton allura fiye da 100,000. Daga baya aka fito da masu daɗewa a gaɓa, irin su triamcinolone da betamethasone, waɗanda a kantunan magani na ƙasashe rainon Faransa ake samu da sunan Kenacort da Diprostène.

Gargaɗi bai jima ba ya biyo. A 1958 likitoci biyu a birnin Leeds na Ingila, Chandler da Wright, suka buga rahoto a mujallar Lancet: marasa lafiyar da ake maimaita wa allurar suna cewa sun ji daɗi, amma hoton ƙashi yana nuna gwiwoyi da dama sun ƙara lalacewa. A 1966 da 1967 aka gwada a kan zomaye a Amurka da Kanada, aka ga maganin yana rage wa ƙwayoyin guringuntsi ƙarfin sarrafa abin da suke gina shi da shi. Bayani biyu aka bayar, kuma ba sa karo da juna. Na farko, maganin da ke hana kumburi shi ne kuma ke dakushe aikin gyara. Na biyu, zafi mai gadi ne. In ka sallami mai gadi, sai mutum ya ɗora wa gwiwa mai rauni aikin da da ba zai yarda ba.

Wasu likitocin suka ce zomo ba mutum ba ne, kuma gwajin da aka yi a kan wasu dabbobin bai nuna ɓarna iri ɗaya ba. Sai aka tsaya a tsakiya, aka kafa al'adar da har yau ake koya wa ɗaliban likitanci: kada a yi wa gaɓa ɗaya fiye da sau 3 ko 4 a shekara, a bar aƙalla wata 3 tsakani. Wannan ƙa'ida daga taka-tsantsan ta fito, ba a gwada ta yadda ya kamata ba sai bayan shekaru masu yawa.

Yadda muka yarda da allura

Yardar da mutanenmu suka yi da allura tana da dalili. Penisilin ya warkar da cututtukan da a da sai dai haƙuri. Gangamin lambar agana da ƙyanda da aka fara a Afirka ta Yamma a 1967, har da Nijar, ya kai ga kawar da agana, wadda aka shelanta ƙarewarta a duniya a 1980. Wanda ya ga haka da idonsa ba za ka gaya masa ƙwaya ta kai allura ba.

Nijar ta kuma ga ɗaya fuskar. A shekarun 1990 likita Hubert Barennes da abokan aikinsa a Yamai sun yi rubutu a kan yaran da allurar kinin a ɗuwawu ta bar su da ƙurji ko shanyewar ƙafa, har suka gwada ba da maganin ta dubura don a rage yawan allurar. Maganin mai kyau ne, zazzaɓin ma na gaske ne, amma hannun da ya yi allurar da wurin da ta shiga sun gurgunta yara.

A daidai wannan zamani ne hanyar samun magani ta sauya. Yarjejeniyar Bamako ta 1987 ta kawo tsarin biyan kuɗin magani a ƙananan asibitoci. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi daga Turai ya yi tsada. Kasuwar masu tallar magani a faranti da kan keke ta buɗe, kaya na ƙetarowa daga iyaka. Cikin abin da ya fi tafiya akwai dangin kotizon, musamman dexamethasone, wanda ake sha don ciwon jiki, 'yan mata kuma su sha don ƙiba da sunan sha-ka-fashe. Mutumin Gangara da gwiwa ta dama yana da ɗakin shan magani na karkara, sai asibitin gunduma a Tanut, sai babban asibitin ƙasa na Damagaram, kimanin kilomita 150 kudu da Tanut. Mai faranti kuwa ranar kasuwa yana zuwa har ƙofar gida.

Abin da sabbin gwaje-gwaje suka nuna

A 2003 Raynauld da abokansa a birnin Montreal na Kanada suka raba mutum 68 gida biyu. Rabi ana yi musu triamcinolone duk wata 3, rabi ruwan gishiri, har shekara 2. Hoton ƙashi bai nuna bambanci ba, likitoci suka samu kwanciyar hankali. Sai dai hoton ƙashi na yau da kullum ba ya ganin guringuntsi, ratar da ke tsakanin ƙasusuwa kawai yake aunawa.

A 2017 Timothy McAlindon na asibitin Tufts da ke Boston ya buga sakamakon gwaji irin wannan a mujallar JAMA, da mutum 140, da na'urar MRI mai ganin guringuntsin kansa. Miligiram 40 na triamcinolone duk mako 12, shekara 2. Waɗanda aka yi wa maganin sun rasa milimita 0.21 na kaurin guringuntsi, masu ruwan gishiri sun rasa 0.10. A wajen zafi kuwa ba a ga bambanci tsakaninsu ba. Ke nan ƙa'idar wata 3 da aka daɗe ana dogaro da ita ba ta hana asarar ta ninka ba.

Adalci ya sa a faɗi iyakar wannan gwaji. Bambancin kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, kuma ana tambayar zafi ne bayan wata 3, lokacin da sauƙin allurar ya riga ya wuce. Sauƙin kansa gaskiya ne. Nazarin ƙungiyar Cochrane na 2015, wanda ya haɗa gwaji 27, ya nuna yana da matsakaicin ƙarfi a mako 1 zuwa 2, ya ragu a mako 4 zuwa 6, a wata 6 kuma babu alamarsa. Wasu binciken da suka biyo baya a Amurka da Faransa ba su ga ɓarna mai yawa ga masu yin allurar jefi-jefi ba. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne ba ta gina guringuntsi, kuma maimaitawa ba ta ƙara amfani.

Sauran abubuwan da ake zubawa a gaɓa ma an bi su. Maganin kashe wuri da ake gaurayawa da kotizon yana iya kashe ƙwayoyin guringuntsi in ya daɗe a kansu. A 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan an samu matasa da guringuntsin kafaɗarsu ya narke saboda an bar wa gaɓar bututu mai ɗiga irin wannan magani bayan fiɗa. Akwai kuma allurar da ake tallatawa da cewa man gwiwa ce, wato hyaluronic, wadda aka fara gano sinadarinta a idon saniya a 1934, aka yi wa dawakin sukuwa kafin mutane. Nazarin da mujallar BMJ ta buga a 2022, wanda ya tattara gwaji 169, ya nuna sauƙin da take bayarwa ƙanƙane ne ƙwarai in aka kwatanta da allurar da ba magani a cikinta, ga kuma tsada.

A 2020 an gwada allurar kotizon da motsa jiki ƙarƙashin kulawar ma'aikacin gashi, a kan mutum 156 a asibitin sojan Amurka. Bayan shekara guda masu motsa jiki sun fi samun sauƙin zafi da tafiya.

Abin da ya rage gare mu

A Boston, wanda guringuntsinsa ya ƙare ana iya sa masa gwiwar ƙarfe. A Damargu wannan aiki yana nesa, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Don haka ɗan abin da ya rage a gwiwar tsohuwa shi ne jarinta har ƙarshen rai, kuma asarar da likitan Amurka zai kira ƙarama ta fi nauyi a nan.

Wannan bai haramta allurar ba. In gwiwa ta kumbura ta hana barci, ƙwararren likita ya duba ya ga ya dace, allura ɗaya tana iya ba mutum makonnin da zai fara ƙarfafa naman cinyarsa. Abin da ɗa ko 'ya za su riƙe shi ne su tambayi sunan maganin, su rubuta ranar a littafin asibiti, su nuna wa duk likitan da aka je wurinsa daga baya, domin mai yawon asibiti yana iya karɓar allura biyar a shekara kowane likita yana zaton shi ne na farko. A faɗa wa likita in akwai ciwon suga, domin allurar tana ɗaga suga na 'yan kwanaki. Kada a yarda kowa ya soka allura a gaɓa a gida ko a rumfar kasuwa. Ƙwayar cuta in ta shiga gaɓa tana iya cinye guringuntsi cikin kwanaki, kotizon kuma yana ɓoye alamarta. Makonnin da zafi ya kwanta ba na komawa ɗaukar tulu da itace ba ne. Kowane kilo da aka sauke, a jiki ne ko a ka, gwiwa tana jin sauƙinsa a kowane taku. Sanda a hannun da ke ɗaya gefen, kujera a gaban murhu, salla a zaune ga wanda ya kasa, duk suna cikin magani.

Malaman makaranta suna da nasu rabon. Yaron da ya zo aji da gwiwa mai zafi da kumburi, musamman in da zazzaɓi, ba amosanin tsufa gare shi ba. Yana iya zama ƙwayar cuta a gaɓa, ko sikila, ko tarin fuka na ƙashi, ko ciwon da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro ya taɓa zuciya. Kotizon ba tare da bincike ba yana iya ta'azzara ƙwayar cutar, yana iya tayar wa mai sikila da ciwonsa. Irin wannan yaro asibiti za a kai shi a ranar. Haka ɗan ƙwallon da ya gurɗe gwiwa ake so a yi masa allura don ya buga wasan gobe. Guringuntsin da ya kamata ya kai shi shekara 70 ne ake sa wa a caca saboda minti 90.

Likitocin Leeds sun ga marasa lafiya suna godiya alhali hoto yana nuna akasin haka, kuma sai da aka shafe shekara 59 kafin a auna abin da na'urar da ta dace. Mu ba mu da MRI a Gangara, amma muna da alƙalami da littafin asibiti, kuma kowane gida yana da ɗan makarantar da zai iya rubuta suna da kwanan wata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa iyayenmu ƙarfin gwiwa.